Cigiyar Shaihu Umar

Abin ya samo asali ne daga wata hira da muka yi da kawunmu a ƙofar gida a Achika, bayan sallar la'asar, cikin kakar bara. Kawu tsohon malamin firamare ne, ya yi shekara 35 yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki, kuma a hannunsa muka fara ganin littafin Hausa wanda ba na koyon baƙi da wasali ba. Yanzu shekaru sun ja. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma sai dishi-dishi. Likitan ido a Kano bai ɓoye mana komai ba, ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta lallaɓa sauran da magani.

Muna cikin ba shi labarin wani taron marubuta da muka halarta, sai ya katse mu ya ce, "Ku da kuke cewa ku marubuta ne, kullum kuna taro kuna tafa wa juna, ina fim ɗin Shaihu Umar? Sau ɗaya tak na gan shi, a Kaduna, a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka tura mu kwas. Ina so in sake ganinsa tun wannan idon bai bi ɗan'uwansa ba."

Mu kuwa da saurin baki muka ce, "Haba Kawu, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Zamani ya zo da sauƙi. Kafin Juma'a mai zuwa za ka gan shi har cikin ɗakinka." Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya kai mu." Wannan alkawari sai da ya ci wata bakwai.

Saboda 'yan'uwa masu tasowa, bari mu ɗan koma baya. A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin Ɓalewa saurayi ne ɗan shekara 21, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, ba wanda ya san wata rana shi zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Bayan rasuwarsa a 1966, Mervyn Hiskett ya juya littafin zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay kuma suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Daga nan ne Adamu Halilu ya ɗauke shi ya yi fim a 1976, shi Umaru Ladan ɗin ya fito a matsayin Shaihu, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 da sunan Nijeriya baki ɗaya. Wato dai ba ƙaramin abu muke nema ba. Littafi ne da Firayim Minista ya rubuta, gwamnati ta kashe kuɗi aka yi fim ɗinsa, aka nuna wa baƙi daga ƙasashen duniya. Mun ɗauka abu irin wannan ko a tasha aka tambaya za a samu.

Ranar Juma'a muka sammaka zuwa kasuwar Wudil. Muka bar masu shanu da masu hatsi suna ta cinikinsu, muka nufi rumfunan samarin nan masu tura fina-finai a waya. Muka yi sallama da na farko, yaro ne da bai fi shekara 20 ba, gabansa kwamfuta da tulin wayoyi suna caji. Muka gaya masa abin da ke tafe da mu. Ya ce, "Shehu Umar? Baba, na wane jarumi ne? Ali Nuhu ko Adam Zango?" Muka ce ai an yi shi tun wasu jaruman ba su san inda kansu yake ba. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "To ko fassarar Indiya ce?" Bai yi haka don raini ba, iyakar saninsa ke nan. Ya duba mana da gaske, ya kira abokan sana'arsa biyu a waya. A cikin kwamfutarsa akwai fina-finan Indiya na shekarun 1970, waɗanda iyayenmu suka kalla a Plaza da Orion da Marhaba, ga su nan garau har da fassarar Hausa. Amma na Ɓalewa ko sunansa bai taɓa ji ba.

Ba mu yi ƙasa a gwiwa ba. Mako na gaba muka hau mota, muka haye gadar Wudil, muka bi ta Mariri muka shiga birni, sai Ƙofar Wambai. Duk wanda ya san Kano a shekarun 1990 ya san a nan kasuwar kaset take. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, duk wani fim na Hausa ta hannun 'yan kasuwar nan yake bi kafin ya isa Zariya ko Maraɗi ko Kumasi. Muka tarar shagunan da muka sani yawancinsu sun koma sayar da wasu kaya. Da tambaya aka kai mu wurin wani dattijo wanda ya yi shekaru a sana'ar, yanzu robobi yake sayarwa. Da ya ji buƙatarmu sai ya gyara zama ya ce, "Malam, ka makara. Da faifan CD ya shigo muka zubar da kaset, da waya ta shigo muka zubar da CD. Ni da hannuna na cika buhuna na bai wa 'yan gwangwan, don haya nake biya, ba zan ajiye abin da ba mai saye ba." Muka tambaye shi ko ya taɓa sayar da Shaihu Umar. Ya ce shi dai bai taɓa ganinsa da kwali a kasuwa ba, amma akwai sauran wani buhu a gida, zai sa yara su duba.

Bayan kwana goma ya kira mu. An samu kaset guda, an rubuta "Shehu Umar" da biro a jikin takardar da ke gefensa. Kada mai karatu ya tambayi irin murnar da muka yi. Muka biya abin da ya ce ba tare da neman ragi ba. Sai kuma wata sabuwa: ina za a samu bidiyon da zai ci kaset ɗin? Tamu ta mutu tun tuni, kaji ma sun taɓa yin ƙwai a cikin kwalinta. Da ƙyar aka samu wani mai gyaran rediyo a Wudil da ke da guda a ƙarƙashin tebur. Ya buɗe kaset ɗin ya nuna mana farar funfuna ta bi zaren, ya sa auduga da sifirit ya goge a hankali, ya naɗe da biro, ya saka. Allon ya yi ta yayyafi, can sai hoto ya bayyana. Mata ne sun sha goggoro suna liƙi, mai kiɗan ƙwarya tana ta wasa amarya. Wani bawan Allah ya rasa kaset ɗin da zai ɗauki bikin ƙanwarsa, ya ɗora a kan wanda ya samu. Muka zauna muka kalli bikin mutanen da ba mu sani ba har ƙarshe, muna sa ran ko wutsiyar abin da ke ƙasa za ta leƙo. Ba ta leƙo ba.

Da muka ba Kawu labari ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Allah Ya ba su zaman lafiya." Mu kuwa dariyar ba ta zo mana ba, domin mun lura a ranar sai da ya lalubi butarsa da hannu, alhali tana gabansa.

Daga nan muka koma bin ofisoshi. Ba za mu kama suna ba, don ba faɗa muka zo yi ba. A wani wuri aka ce mu rubuto takarda, muka rubuta, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A wani wurin aka ce mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya ya yi ritaya. Wani tsohon ma'aikacin gidan talabijin da muka samu a gida shi ne ya fi kowa gaya mana gaskiya. Ya ce a zamaninsu kaset ɗin ɗauka tsada gare shi, daga waje ake sayo shi, saboda haka in an nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Ya ce, "Mun goge abubuwan da in na tuna yanzu ba na iya barci." Ashe abin da mai bikin nan ya yi, manya ma sun yi.

Shi ne kuma ya wayar mana da kai game da abin da ya kamata mu sani tun farko. Shaihu Umar ba fim ɗin bidiyo ba ne. An ɗauke shi a kan zaren silima, irin wanda ake naɗewa a faifai a zuba cikin gwangwanaye, sai da majigi da farin bango ake ganinsa. Ba a yi shi don ɗaki ba, an yi shi don zaure mai cin ɗaruruwan mutane. Irin wannan zare kuwa yana da rai kamar hatsi a rumbu. In zafi da laima suka same shi sai ya fara wani wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya manne da juna, launinsa ya koɗe. Sai an ajiye shi a ɗaki mai sanyi, busasshe, dare da rana, shekara da shekaru. Mai karatu ya san yadda wutar lantarki take a ƙasarmu, ba sai mun yi dogon bayani ba. Da gidajen silima suka mutu, fina-finan da aka yi dominsu sai suka rasa gida. Haka muka zauna da shi muna lissafi: Kanta of Kebbi na shi Adamu Halilu, da Ruwan Bagaja na Ramalan Nuhu, da Ƙasarmu Ce na Saddiƙ Ɓalewa na 1991, da Kulɓa Na Ɓarna wanda Brendan Shehu ya yi daga littafin Umaru Ɗanjuma Katsina, da shirin Magana Jari Ce na talabijin ɗin Kaduna wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki. Ya ce mu je mu tambayi yaron nan na kasuwar Wudil ko guda nawa ya sani a cikinsu.

A cikin wannan fafutuka ne muka kai Kawu asibiti karɓar magani, muka haɗu da wani likita ɗan yankinmu wanda ya yi karatunsa a Romaniya. Da hira ta kawo mu kan abin da muke nema, sai ya ce abin ya ba shi mamaki. Ya ce su can suna da wani marubuci, Liviu Rebreanu, wanda ya rubuta wani labari a 1922 kan wani hafsan soja da aka tilasta wa yaƙar 'yan'uwansa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunan littafin in an juya shi da Hausa shi ne Dajin Ratayayyu. Liviu Ciulei ya mayar da shi fim, har ya ci lambar gwanin masu shirya fim a bikin Cannes na Faransa a 1965. Likita ya ce lokacin da yake ɗalibi, uwar ɗakinsa ce ta zaunar da shi gaban talabijin ta ce in yana son sanin mutanen da yake zaune da su, to ya kalli wannan. Ya ce ba wai sun fi mu kuɗi ba ne a wancan lokaci, layin burodi ma suke yi, amma tun 1957 suka kafa gidan adana fina-finai na ƙasa. Muka yi shiru. Fim ɗinsu ya girmi namu da shekara goma da ɗoriya, ga shi baƙo ma an nuna masa a ɗaki. Mu kuwa muna yawo da kaset ɗin bikin wasu.

Abin kunyar da za mu faɗa yanzu, mun daɗe muna shawarar ko mu ɓoye shi. Wani abokinmu malamin jami'a, wanda muka je wa ta'aziyya, shi ya ji muna ba da labarin wahalarmu, ya dube mu ya ce, "Wai kai ba ka da labari? Ai an gano shi tuni." Ashe tun 2016 aka gano uwar fim ɗin, wato ainihin zaren da kyamara ta ɗauka, a cikin kayan ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, bayan shekaru ana ɗauka ya ɓata. Didi Cheeka, wani mai sharhin fina-finai daga Legas, yana cikin waɗanda suka tsaya kan lamarin. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, ta juye shi zuwa na'urar zamani, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a watan Fabrairun 2018. Jamusawa sun zauna cikin sanyi sun kalli Shaihu yana magana da Hausa fiye da awa biyu, mu da muke kiran kanmu marubutan Hausa muna nan ba mu sani ba. Kuma a lura, wanda ya damu ya buɗe gwangwanayen nan masu tsatsa ba daga cikinmu ya fito ba. Ba mu faɗi haka don rage masa komai ba, Allah Ya saka masa da alheri. Mun faɗa ne don mu ji kunyar da ta kamace mu.

Abokin namu yana da kwafe a kwamfutarsa, wanda aka ba shi don koyar da ɗalibai, bisa sharaɗin ba zai yaɗa ba. Da muka gaya masa halin da idon Kawu yake ciki, sai ya ce zai ba mu aron kwamfutar dare ɗaya, har da ƙaramin majigin da yake shiga aji da shi. Ya ce, "Amana ce na ba ka. Kada a tura wa kowa." Muka ce mun ɗauka.

Ranar wata Asabar bayan sallar isha'i muka ɗaura farin zanen gado a jikin katangar tsakar gida. Aka ja janareto can bayan turken awaki don kada ƙararsa ta hana ji. Mun yi niyyar abin na 'yan gida ne kawai, amma a ƙauye ba a ɓoye hayaƙi. Kafin a fara, tsakar gida ta cika, mata a gefe guda kan tabarmi, yara a gaba, samari a tsaye ta bakin zaure, wasu ma a kan katanga. Dattawa biyu suka ce rabonsu da ganin haske a jikin zane tun zamanin majigin gwamnati, da ake zuwa da mota a nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga. Muka ajiye wa Kawu kujera dab da zanen, ta ɓangaren idon da ke gani.

Da Shaihu ya bayyana zaune cikin almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, sai wurin ya yi tsit. Mai karatu ya san labarin: yaro maraya daga Kagara, mijin uwarsa Makau wanda mahassada suka yi wa ƙulli a fada har aka kore shi, yadda aka sace yaron, yadda ya faɗa hannun masu fataucin bayi har Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya riƙe kamar ɗa, ya ƙetare hamada da shi, ya yi karatu ya zama malami, da yadda uwar ta fita nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta. Mun karanta littafin nan ya fi sau goma. Amma a daren nan muka gane wani abu da ya kamata duk mai sha'awar a mayar da littafinsa fim ya sani. Littafin Ɓalewa ɗan siriri ne, mutum na iya gama shi tsakanin azahar da magariba. Abin da marubuci zai faɗa a layi ɗaya, ya ce ayari ya tashi, mai kyamara ba shi da wannan gatan. Dole ya nemo raƙuma, ya san irin kayan da za a ɗora musu, da irin rawanin madugu, da yadda ake ɗaure salka. Marubuci yana barin rabin aiki ga mai karatu, shi kuwa mai fim sai ya biya kuɗin kowane abu da ido zai gani. Shi ya sa fim irin wannan ya zama rumbu. Bayan labarin Ɓalewa, akwai sutura da gine-gine da fuskokin mutanen 1976 a ciki, da irin Hausar da ke bakinsu.

Hausar nan ce ta kama Kawu. Can tsakiyar fim muka waiwaya muka ga ya rufe ido. Gabanmu ya faɗi, muka matsa muka ce, "Kawu, ko hasken ya yi maka yawa ne?" Ya ɗaga mana hannu ya ce, "Bar ni. Inuwa kawai nake gani. Amma ka ji yadda suke magana? Ba mai gaggawa. Ka ji gaisuwa?" Wato mun makara. Wata bakwai da muka yi muna yawo sun cinye abin da ya rage. Muka koma mazauninmu, abin da ya tokare mana maƙogwaro bai sauka ba har aka gama.

Wadda ba mu yi zato ba ita ce Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ta haura shekara 80, ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta san wani Ɓalewa marubuci ba sai Ɓalewa na rediyo. Tun daga inda uwar Umar ta shiga neman ɗanta Goggo take sharar hawaye da gefen mayafi. Da aka gama, janareto ya yi shiru, wata jikarta 'yar aji biyar ta ce, "Goggo, Turawa ne suka sayar da ita?" Goggo ta ce, "Wane irin Turawa? Mu ne." Sa'an nan ta faɗi abin da mu da muka haura shekara 50 a gidan nan ba mu taɓa ji ba. Ta ce kakarta ta wajen uwa kamo ta aka yi tana yarinya, daga can ƙasar duwatsu ta kudu, aka kawo ta Kano aka sayar. Har ta mutu ba ta san sunan garinsu ba, sai wata 'yar waƙa da take yi in tana daka, da wani harshe da ba mai ji a gidan. Goggo ta ce, "Ita ba wanda ya zo cigiyarta. Ko kuma an zo ba a same ta ba." Tsakar gida ta yi shiru, manya suka sunkuyar da kai, kowa da abin da ya tuna na gidansu.

A nan ne muka sake ganin girman abin da saurayin nan ɗan shekara 21 ya yi. Lokacin da ya rubuta littafin, shekara 30 kacal da Turawa suka ci Kano a 1903, kuma dokar da ta kawo ƙarshen bauta ɗungum a Arewa ba ta zo ba sai 1936. Wato ya yi rubutu ne a kan ciwon da bai warke ba, a gaban waɗanda suka saya da waɗanda aka sayar. Mu kuwa a makaranta an koya mana littafin ne don mu ci jarrabawa: wane ne Makau, ina ne Rauta, kawo halaye uku na Shaihu. Sai da hoto ya motsa a jikin zanen gado sa'an nan wata tsohuwa ta buɗe bakin da ta rufe shekara 70.

Kafin mu naɗe waya, samari suka kewaye mu, kowa da wayarsa a hannu. "Baba, a tura mana." Muka ce amana ce, ba za a tura ba. Suka yi ta magiya, muka ƙi. Sai muka ji muryar Kawu daga kujerarsa yana cewa, "Ku marubuta kullum kuna kuka da masu satar fasaha. To ga wanda ba a sata ba, ka ga inda ya ƙare. Na Indiya da ɓarayi suka yi ta kwafa, ga su nan a aljihun kowane yaro." Maganar ta soke mu, domin mu ma an taɓa buga ɗan littafinmu a ɓoye, muka gan shi a kasuwa da bangon da ba mu sani ba, kuma mun san zafin abin. Muka ce, "Kawu, in mun tura, gobe wa zai sake ba mu aro?" Ya ce, "Gaskiyarka. Riƙe amanarka. Amma ka je ka gaya wa 'yan'uwanka, abin da aka kulle a ɗaki don kada ɓarawo ya ɗauka, gara ce ke cinye shi." Washegari da sassafe muka mayar da kwamfuta kamar yadda aka ba mu. Har yau ba mu daina juya maganar ba, kuma ba mu ce mun ga ƙarshenta ba.

To, 'yan'uwa, ga saƙon Kawu mun isar. Abin da za mu ƙara kaɗan ne. Na farko, kada mu ɗauka wannan matsalar ta tsofaffin fina-finan gwamnati ce kawai. A shekarun 1990 littattafanmu da yawa sun zama fim: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, da wasunsu. A kan kaset aka yi su, kaset kuwa mun ga abin da funfuna take yi masa. Duk wanda aka taɓa mayar da littafinsa fim, ya tashi yau ya tambaya ina uwar kaset ɗin take, a juye ta tun da sauran masu bidiyon da ke aiki. Wanda kuma za a yi nasa nan gaba, ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a ba shi kwafe mai kyau ya ajiye. Na biyu, littattafan kansu. Dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafe uku Ɗakin Karatu na Ƙasa. Mu nawa muka taɓa kaiwa? Mu dai da muke wannan rubutu ba mu kai ba sai bana. Na uku, ƙungiya tana da bakin da mutum ɗaya ba shi da shi. Ba abin da zai hana a rubuta wa masu haƙƙin Shaihu Umar a nemi izinin nuna shi a makarantu da garuruwa, ko a roƙi a fitar da shi ta hanyar halal a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Farin zane da janareto ba su fi ƙarfin kowane reshe ba. Mun gwada a Achika, mun ga abin da ya biyo baya.

Kawu yana nan da rai, sai dai yanzu jagora ake yi masa zuwa masallaci. Kwanan baya muka ce masa mun ji takaicin rashin kawo fim ɗin da wuri. Ya ce, "Ai na gani a Kaduna, na kuma ji a Achika. Wanda bai samu ko ɗaya ba fa?" Sa'an nan ya sa aka ɗauko masa tsohon kwafensa na littafin daga cikin adaka, bangon ya rabu, an ɗinke shi da zare. Ya miƙa wa jikar nan ta Goggo ya ce ta riƙa karanta masa shafi biyu kullum bayan la'asar. Goggo ma takan jawo tabarmarta ta zauna daga bakin ƙofa. Jiya da muka wuce sun kai inda aka kori Makau.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka rubuta, da waɗanda suka ɗauka, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.